Hannunki a Kan Katifa

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan angon nawa. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar babanki ta yi sauƙi, har ya koma yi wa mutane faɗa a kan barin fitila a kunne, kin ga kuwa ya warke. Autarmu ta fara koyon ɗinki, labulen gidan duk sun shiga uku.

Na ga bidiyon da kika turo. Kin ce tunda halayyar yara nake koyarwa a jami'a, in duba in gaya wa surukarki cewa yaron yana ji sarai, ta daina maganar asibiti. Mutane da yawa haka suke zato, wai kallo ɗaya muke yi wa yaro mu karance shi. Ɗalibaina ma da wannan zaton suke shigowa ɗakin gwaji, abin da muke fara koya musu kuwa shi ne kada su yi saurin yarda da idonsu. Ɗakin ƙarami ne, da tabarmar roba da kwandon kayan wasa, da gilashin da muke ganin na ciki shi ba ya ganinmu. Uwa takan zauna da ɗanta a cinya, mu sa mata abin toshe kunne don kada ta ji ƙarar da muke kunna wa yaron. Ba zarginta muke yi ba. Idan uwa ta ji, gwiwarta kan motsa ba ta sani ba, yaron ya juya, ɗalibi ya rubuta cewa ya ji. Kwanan baya wata ɗaliba ta zo min da murna, wai jariran da ta gwada duk sun ci gwajin. Da muka sake kallon bidiyon gwajin, ashe ita ce take ɗaga gira a gaban jariran kafin kowace ƙara.

Da wannan idon na kalli bidiyonki. Na kalla, na sake kallo, na ajiye wayar, na wanke kwanuka, na shiga aji na koyar kamar kullum. Ban yi kuka ba, ban ma ji komai ba, har yanzu da nake rubutun nan. Duk sanda kika kira shi, sai kin dafa katifar da yake zaune a kai, sannan ya juyo yana dariya. Da wayar babansa ta yi ƙara a bayansa, ke kin waiga, shi yana ta tauna murfin kwalba.

Ban ce ba ya ji ba, 'yata. Bidiyo ɗaya ba ya yanke hukunci, ni kuma ina sonsa da yawa, ban cancanci zama alƙali ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, motsin katifar na ga ya amsa. Idan akwai matsala a kunnen, yanzu ne lokacin da yaro yake ɗibar magana, duk watan da ya wuce asara ce gare shi. Don haka ko me kika gani a gida, ku kai shi a auna jinsa cikin makon nan.

Ki gaida maigidanki, ki gaida surukarki da kyau, ki ce na gode mata. Babanki da Auta suna gaishe ku. Angona kuma ki ce masa amaryarsa tana nan tana jira.

Gobe da safe, in ya ƙoshi, ki zaunar da shi a ƙasa. Babansa ya zauna nesa kaɗan yana kallon fuskarsa, ba taki ba. Ki tsaya a bayansa inda inuwarki ba za ta kai gare shi ba, ki naɗe hannuwanki, ki kira sunansa da muryarki ta kullum. Sai ki jira. Kada ki matsa kusa, ko da jiran ya yi miki tsawo.

Taki har kullum,
Gwaggonki