Tsarabar da Na Ɓoye a Wutsiyar Jirgi

Tita Ligaya, don Allah ki agaza min, mako uku ke nan ko abinci ba ya min daɗi.

Mijina Dencio likitan haƙori ne da ya yi ritaya. Shekara ashirin yana mafarki kafin ya mallaki ɗan jirgin samansa mai kujera huɗu. Jirgin tsoho ne, amma ko ni ba na samun lallashin da yake samu. Da surukata ta cika shekara casa'in, Dencio ya ce da jirgin za mu je bikin, daga Pampanga har tsibirin Siquijor.

Ana gobe tafiya ya fito da sikeli. Ya auna jakunkuna, ya auna ruwan sha, ni ma ya ce in hau! Sannan ya yanke: tsaraba kilo goma kawai. Tita, kin san dangin miji. Ƙannensa mata biyar, kowacce da 'ya'ya da jikoki. In shiga da leda ɗaya, a shekara ana labarina? Ranar tafiya, da ya gama duba jirgin ya shiga ofis kai takardar tafiya, sai na cusa sauran kayan can baya wajen wutsiya, na rufa da bargo. Gwangwanaye, alewar madara, takalma, har da tukunyar shinkafa ta lantarki. Kilo talatin da takwas, a sikelinsa ma na auna.

Muna tashi hancin jirgin ya miƙe sama, wata ƙararrawa ta hau ihu. Dencio ya danna sitiyari gaba da iya ƙarfinsa, muka shafi kan bishiyoyin kwakwa. Da muka sauka Roxas shan mai ya tafi neman makanike, ni kuma na kwashe kayan na tura ta jirgin ruwa. Makanike bai ga komai ba, jirgi kuma ya koma lafiya lau.

Shi ne Dencio ya ce to laifin hannunsa ne, tsufa ya zo, ya kusa kashe matarsa. Ya sa jirgin a kasuwa, ranar Asabar mai saye zai zo. Abin da ke cin raina, ni yake ba haƙuri. Ba zan ɓoye miki ba, wani ɓangare na zuciyata so yake a sayar, don tun can ina tsoron abin nan. In yi shiru?

Mai Nauyin Zuciya, Pampanga

*

Ƙanwata,

Kada ki yi shiru. Ki gaya masa kafin Asabar, ba bayanta ba.

Na fahimci tsoronki na bakin dangin miji, ni ma suruka ce a wani gida. Shi ma Dencio ya yi kuskure da ya ɗora ki kan sikeli kamar buhun shinkafa, bai zaunar da ke ya ce miki a ƙaramin jirgi, inda aka ajiye kaya ya kai nauyinsu haɗari ba. Amma kin ga yana aunawa, kika jira ya juya baya. Wannan naki ne, ki ɗauka.

Ki zaunar da shi, ki faɗi kilo nawa da inda kika sa, kada ki haɗa da "ai kai ne". Zai yi fushi, ki bar shi ya yi. Tsoron tashinki kuwa magana ce daban, ki faɗe ta a fili wata rana. Kina da damar cewa ba za ki ƙara hawa ba, jirgin ruwan da ya kai tukunya zai kai ki. Idan ya ji gaskiya ya sayar, ruwansa. Amma kada ki bari ya sayar a kan laifin da bai yi ba.

Mutumin da ya tashi da kilo talatin da takwas da bai san da su ba a wutsiya, ya sauke ku lafiya, hannunsa bai tsufa ba. Ke kaɗai kika san haka, kuma shi ne ya fi bukatar ya sani.

Allah ya ba ki ƙarfin hali, ya sanyaya zuciyarsa.

Tita Ligaya