Barcin da Ka Doke Ni a Kansa

Talladje, Yamai

Baba,

Gaisuwa da ladabi. Ina fata kana lafiya, kai da mutanen Dogon Dutsi, kuma ƙafar Inna ta yi sauƙi. Mu nan sai godiyar Ubangiji.

Ba zan ɓoye maka ba, da fushi nake rubutun nan. Inna ta gaya mini a tarho cewa ranar Lahadi ka zane Priska don ta yi barci ana wa'azi, har ka ce za ka cire ta daga lakwal, ta bar karatun boko, tunda raguwa ce kamar uwarta. Na ba ku ƴata ne ta ɗebe muku kewa.

Ka tuna yadda muka yi da kai? Barci ya sace ni a bencin gaba, kai kuma dattijon majami'a, ka ja kunnena har gida. Da loma a bakina nakan yi barci. In na yi dariya sosai gwiwoyina su saki, in zube ƙasa idona biyu, ina jin ka kana cewa iskanci ne. Don kada in ba ka kunya na daina dariya gaban mutane. Har yau abokan aikina Madam Ɗaure-fuska suke kirana.

Watan jiya na faɗi gaban ɗalibaina da alli a hannu. Lokotoro ya sa aka manna mini wayoyi a ka, aka auna barcina. Ya ce ciwo ne, ƙwaƙwalwa ce ba ta iya riƙe mutum a farke. Ba lalaci ba ne. Shekara ashirin da uku ina roƙon gafarar zunubin da ban yi ba! Yanzu ina shan magani, ina ɗan kishingiɗa da tsakar rana, ina koyarwata lafiya.

Ban sani ba ko abin nan ne ke damun Priska, sai lokotoro ya duba ta. Amma Inna ta ce yarinyar da ke cika gida da ƙyalƙyala ta yi tsit kwanan nan. Wannan ne ya ƙarar da haƙurina.

Asabar zan shigo motar safe. A haɗa mata kayanta da littattafanta. Zan durƙusa in gaishe ka kamar kullum, amma tare za mu dawo Yamai. Ni na riga na manta yadda dariyata take, Baba. Tata ba zan bar ta a gidanka ba.

A gaishe mini da Inna.

Ƴarka,
Dabora