Kekunan Cikin Kwali

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da marasa lafiyan da kuke koyon allura a jikinsu, Allah ya ba su haƙuri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida ta yi wa kaji faɗa.

Ni ne dai raina ba daɗi. In na faɗa wa Mama za ta ce in yi haƙuri, in na faɗa wa Mai Fenti na shagonmu zai ce haka duniya ta koma. Ke kuwa sai kin zage ni tukuna, amma kina saurara.

Kin sha leƙo mu a shago hancinki a toshe saboda hayaƙin walda, ba ki taɓa tsayawa kin ga aikin ba, don haka bari in bayyana miki. Mu firam muke ƙerawa, wato ƙashin keken hawan dutse. Mutum ya zo, in auna tsayinsa da hannunsa da ƙafarsa, in zana masa nasa shi kaɗai. In yanka bututun ƙarfe, in goge bakin kowane ɗaya har ya rungumi ɗan'uwansa yadda ko haske ba ya ratsawa, in ɗaure su a kan teburin nan da muke kira gado, sannan in kunna wuta. Kuma muna da doka guda: kafin Mai Fenti ya taɓa firam, wanda ya ƙera shi zai ɗaura masa tayoyi, ya haura dutsen bayan shago, ya gangaro ta hanyar masu fasa dutse. In ya iso ƙasa da haƙoransa, sai a yi fenti a manna tambarinmu a wuyan keken. Babbanmu Yaya ne da bakinsa ya kafa wannan doka, zamanin da yake riƙe wutar walda, kafin ya koma ofis ya ajiye tumbi.

To, makon jiya wata mota ta sauke mana kwalaye har sun tare ƙofa. Na yanka ɗaya. Firam ne, Auta, gamamme, daga wata masana'anta mai nisa da ko suna ba ta sa ba, a naɗe cikin leda mai warin tsohon mai. Waldar a jere ras kamar haƙoran roba. Na zura yatsa cikin bututun, ƙarfe ya yanke ni, ko share cikin ba su yi ba. Duk kamarsu ɗaya, kamar an ce dogo da gajere da mai ƙusumbi uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya.

Yaya ya fito yana murza hannu, wai mutane sun gaji da jiranmu, wai ina ɗaukar makonni a kan firam ɗaya kamar mai saƙa, wai masu saye suna gudu wasu wurare. Wai fenti kawai za mu yi, mu manna tambari, mu ce namu ne. Ya raɗa wa abin suna faɗaɗa kasuwa. Ni dai a littattafan da nake tsinta a bakin titi wani suna na ga ana kiransa da shi, kuma na faɗa masa sunan: zamba. Ya ce ba laifina ba ne, laifin wanda ya koya mini karatu ne. Na ce ba wanda ya koya mini, shi ya sa ban iya ƙarya da hannu biyu ba.

Tun ranar ba ma magana sai ta bakin Mai Fenti. Ki kula da kanki, ki ci abinci.

Yayanki,
Ashana

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya karatu, ya tsayuwar asibiti? Mama tana gaishe ki, ta ce hoton da kika aiko kin rame, ni na ce wayar ce.

Na ga saƙonki. Kin ce Yaya yana da iyali, ni kuwa ba ni da kowa sai baki. Na ji. Kin kuma ce ba banza ake kirana Ashana ba, da ƙyastawa ɗaya nake kamawa. Wannan ma na ji. Yanzu ke ma ki ji.

Shekaranjiya na dawo daga sayen iskar walda na tarar Yaya ya ɗora firam ɗin kwali a kan gado, ya ɗaure shi kamar yanzu aka haɗa, ya barbaɗa garin ƙarfe a gefe. Ya miƙo mini gilashin walda, wai in sunkuya in kunna wuta kusa da shi don ya ɗauki hoto, mutane suna son ganin tartsatsi. Na ajiye masa gilashinsa. Na fita na tofar da yawu a kwata.

Ba wannan ne ya fi ƙona ni ba. Jiya wani malamin makaranta ya zo, ɗan gajere mai dogayen hannuwa, irin jikin da nake jin daɗin zana wa firam don sai ka yi tunani. Ya ce ya daɗe yana ajiya don ya mallaki keke irin namu. Yaya ya ɗauko abin awona, ya tsayar da bawan Allah jikin bango, ya auna shi sama da ƙasa yana gyaɗa kai kamar likita, har da cewa ya ɗan buɗe ƙafa. Mutumin ya tafi yana godiya har ƙasa. Ƙafarsa ba ta gama fita ba Yaya ya shiga ciki ya zaro kwali na sama, don shi ne mafi kusa da hannu.

Nan na kasa haɗiyewa. A gaban Mai Fenti da matar Yaya, wadda ta kawo masa abinci, na tambaye shi wa ya ƙera wannan firam. Ya ce kamfaninmu. Na ce ni dai ban ƙera ba, Mai Fenti bai ƙera ba, saura mutum ɗaya ke nan, kuma dutse yana nan inda ya bar shi. Mai Fenti ya sa dariya har ya ƙware, ya ce keken ne abin tausayi. Matar Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ce mini in ji tsoron Allah, mutumin da ko benen gida sai ya huta a tsakiya.

Na zaci zai yi borin kunya ya ce shi ne babba. Sai ya ajiye cokali, ya ce ya yarda. In ya iso ƙasa a kan keken, ni da hannuna zan manna tambari a kan kowane firam na kwali. In bai iso ba, kwalayen su koma inda suka fito. Muka tafa a kan haka, ranar hutu mai zuwa.

Kada ki tayar da hankalinki. Na san Yaya. Zai kai sama yana haki, ya leƙa gangaren, ya tuna yana da ciwon baya. Abin da nake so ke nan, ya leƙa da idonsa ya ga inda yake shirin tura malamin nan.

Ki gaida abokiyar ɗakinki mai minshari.

Naki,
Ashana

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Kowa lafiya a gida, har da Yaya, na fara da wannan don na san shi za ki fara nema.

Ranar hutun, ni na haɗa keken da firam ɗin kwali da safe. Ki shaida, ban yi ha'inci ba: na sa masa birki mafi kyau da muke da shi, na ɗaure kowane noti, na sake bi na ɗaure. Hular kwanon Yaya ta dā ta ƙi shiga, sai da na ara masa tawa. Ya tura keken zuwa sama yana tsayawa yana dafa gwiwa. Matarsa da Mai Fenti suka tsaya a ƙasa. Ni na tsaya a kwanar tsakiya, inda tsakuwa take zamewa kuma gefen hanya ya yanke zuwa ramin masu fasa dutse. In firam zai karye, a nan yake karyewa.

Ya daɗe a sama. Ina hango shi ya leƙa, ya ja baya, ya sake leƙawa. Har na fara shirya maganar da zan yaɓa masa. Sai na ga ya hau.

Ya taho kamar buhun da aka ɗaure a kan keke, gwiwoyi a waje, baya a sandare, duk abin da shi da kansa ya hana ni yi lokacin da yake koya mini. Keken yana ƙara, sarƙa tana dukan ƙarfe. Ya iso kwanar har ina ganin fuskarsa, baki a buɗe, idanu kamar za su faɗo. Tayar gaba ta daki dutse, na ga wuyan keken ya girgiza.

Auta, a wannan lokacin ban ce Allah ya tsare ba. Abin da na ji cikina yana faɗa, da ƙarfi, shi ne karye. Karye mana. Ina kallon ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya a bakin rami, ina roƙon ƙarfe ya tsage a ƙarƙashinsa don a ce ni ne mai gaskiya.

Bai karye ba. Ya wuce ni, ya isa ƙasa, ya saki keken, ya zagaya bayan wani dutse ya yi ta amai. Da na sauko, matarsa tana kuka tana zagina, shi kuwa dariya yake. Ya rungume ni da warin aman da zufa, ya ce ya hango ni a kwanar, kuma ganina a wurin ne ya ba shi ƙarfin zuciya, don ya san in ya faɗi akwai mai tare shi.

Na duba firam ɗin daga sama har ƙasa, babu tsaga ko ɗaya. Na cika alkawari. Mai Fenti ya fesa, ni na manna tambari a kan kowane ɗaya, a miƙe, ban karkata ko guda ba. Malamin nan ya karɓi nasa, ya yi masa tsawo kaɗan, amma murna yake.

Na gaya wa Yaya ƙarshen wata zan bar shagon. Ya ce fushin kaye ne, zai wuce. Mai Fenti ya ce girman kai ne. Mama ta ce kwalaye ne suka raba mata 'ya'ya, tana ta tsine musu. Na bar kowa a kan abin da ya zata. Kwalayen har gobe ƙyamarsu nake ji, amma zan iya aiki kusa da su, hanci yana sabawa. Abin da ba zan iya ba shi ne in shigo kullum da safe Yaya ya ɗago daga teburinsa ya yi mini murmushin nan da ya koya tun ranar dutse, irin na wanda ya san yana da ƙane.

Kada ki faɗa wa Mama. Kada kuma ki rubuto ki ce Shaiɗan ne, na san muryar Shaiɗan, wannan tawa ce.

Ki yi mini addu'a.

Yayanki,
Ashana