Rawar Farko da Yuliana

Litinin, 3 ga Maris

Mijina Evaristo ya sake fitowa a jarida. Tsohon hoto suka tono: yana rungume da jaririya a coci, gefensa Wilmer Caicedo, wanda yanzu ke kurkuku kan safarar hodar iblis. Wai shi, shugaban 'yan sandan birni, uban baftismar 'yar ɗan daba ne, wato shi ya tsaya mata a matsayin uba ranar baftismarta. Sun manta shi ya kama Wilmer ɗin da hannunsa.

Tun yana ƙaramin ɗan sanda nake faɗa masa ba duk jaririn da aka miƙo ake karɓa ba. Sai ya ce, "Haba Nohemi, ana ce wa jariri a'a?" Rabin yaran unguwannin tudu 'ya'yansa ne na baftisma.

Alhamis, 6 ga Maris

Minista ya kira. Yuliana, jaririyar hoton, za ta cika shekara sha biyar, za a yi mata babban biki kamar yadda aka saba yi wa 'yan mata a nan, kuma tunda ubanta na tsare, uban baftisma ne zai yi rawar farko da ita a bikin. An ce in ya je, a bakin aikinsa. Ga ritaya saura 'yan watanni.

Na ce, "Tsoho, ka ce gwiwar ce ta tashi. Ai ba ƙarya ka yi ba." Ya ci gaba da kurɓar kofi.

Lahadi, 9 ga Maris

Ba na yi masa magana. Na dai zuba masa miyar kaza da rogo, har da ƙari.

Laraba, 12 ga Maris

Na kama shi a kicin yana gwajin rawa da tsintsiya. Mutumin da ya tattake mini ƙafa ranar aurenmu! Bai juyo ba ya ce, "Yarinyar ba ta sayar da komai ba. A gaban Allah na ce zan tsaya mata."

Ina son mutumin nan, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Asabar, 15 ga Maris

Ya tafi. Na ce ba ni zuwa.

Litinin, 17 ga Maris

Sun sauke shi daga muƙaminsa. A rediyo muka ji. Ya wuni yana gyaran famfon da bai lalace ba.

Jarida ta buga hoton rawar. Yuliana ta kifa kai a kafaɗarsa tana kuka, shi kuwa idonsa na kan ƙafafunsa kada ya taka ta. Maƙwabciyata Fanny ta ce matar nan mai koriyar riga da ke tafa hannu a bayansu ta yi kama da ni sosai.

Na ce mata ai dole wani ya kai masa maganin gwiwa.