Jarkokin Kawu Ɗantsoho

Zuwa ga Yaya Abdulmajid,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga Omdurman, da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafa, ya sa damina ta yi albarka. Mu nan alhamdu lillahi. 'Yarka Hadil ta dawo daga asibiti, ta fara cin abinci, sai dai har yau hannunta na rawa in ta ɗauki kofi.

Yaya, a waya na ce maka zazzaɓi ne, don kada hankalin Inna ya tashi. Ba zazzaɓi ba ne. Ka san maganin ƙwarin da hukuma ta ba manoman Hausawa na garinmu kyauta, wanda aka danƙa rabonsa a hannun Kawu Ɗantsoho. Da aka gama feshi, sai ya tattara jarkokin, ya kankare rubutun jikinsu, ya loda a mota ya sauke a kasuwar Suk al-Shabi ta nan Omdurman, ya sayar a matsayin na ruwa. Har ya biyo ta rumfata a Kasuwar Libiya ya ba ni biyu, wai tsaraba, yana rantsuwa na man girki ne kuma an wanke da toka. Ni da nake gane jabun atamfa daga nesa, Yaya, na karɓa har da godiya, don ƙanin Inna ne. A ciki na zuba wa 'yata ruwan sha. Kwana tara muka yi a asibiti, likita ya ce guba ce.

Ban yi masa ko tari ba. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Na je ofishin noma a Khartum, na tsaya na karanta takardar da ke manne a bango, ashe ɗan karatuna bai tafi a banza ba. Ba za a ba gari maganin baɗi ba sai an mayar da jarkokin bana, kuma kowace tana da lamba a gindi. Kawu ya kankare jiki, ya manta gindi. Na bi dillalai ɗaya bayan ɗaya, na bi gidajen matan da suka saya na musanya musu da sababbi. Yanzu talatin da huɗu suna kulle a bayan rumfata.

Shekaranjiya sai ga Kawu, gumi har gemu, yana kirana 'yar albarka. Wai ya ji jarkokin suna hannuna, jami'ai kuma za su zo karɓarsu ƙarshen wata, in ba shi su in rufa masa asiri. Na ba shi shayi, na tambayi lafiyar gonarsa, na ce zan yi tunani.

To ga tunanin. Ba zan sa garinmu ya rasa maganin baɗi ba, gonarka ma tana ciki. Zan kawo jarkokin da kaina ranar Juma'a ta ƙarshen wata. Kai dai ka tsayar min da dattawa a ƙofar masallaci bayan an sauko. A gabansu zan cika ɗaya da ruwa, in tsiyaya a kofi in miƙa masa, tunda ya ce an wanke. Na san ba zai sha ba. Ƙin shan nake so kowa ya gani da idonsa, sannan su zaɓi wanda za su ba amanar rabo.

Kada ka gaya wa Inna, za ta ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma sai bayan Juma'ar.

Ka gaishe ta, da matarka Hadizatu, da Hala da su Ilyasu. Hadil tana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Hannatu