Injin da Na Saya Hannun Baba

Sabon Birni,
Agusta, 1984.

Zuwa ga matata Mairama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jaririyarmu. Yaya wankan jego? Yaya mahaifinki Baba da mutanen Isa baki ɗaya? Nan lafiya lau, Inna na gaishe ki.

Ruwa dai shiru. Geron gonarmu ta Tsamaye ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Amma ga albishir: tsohon injin goge katakon nan na Baba ya iso shagona, da sabon fentinsa kore, sai ka ce ango. Kin san ya ce ba ya son kuɗi, hatsi yake so, sai na buɗe rumbun bara na ba shi. Inna ta yi faɗa, ta ce mai hankali ba ya taɓa rumbu a shekarar fari. Na lallashe ta da cewa katakon da nake wata guda ina gogewa da hannu, injin nan a yini zai gama shi, ga aikin bencin makarantar Kurawa na jirana.

Bawa mai injin niƙa ya tambaye ni ko na sa an tayar da shi na gani kafin in ɗauko. Dariya ma ya ba ni. Mutumin da ya koya mini riƙe zarto, ya kuma ba ni ɗiyarsa, shi za ni ce wa ya tayar in gani? A durƙushe muka yi cinikin, kaina a ƙasa. Bawa ya yarda mu ɗaura bel a injinsa, tunda masu kawo niƙa sun yi ƙaranci.

Ki riƙa cin abinci, kada ki dawo mini kamar sillen kara. Ina kewarku ƙwarai.

Mijinki,
Alhassan.

Sabon Birni,
Satumba, 1984.

Zuwa ga Mairama,

Bayan gaisuwa, ina fatan ke da yarinya kuna lafiya. Allah ya kawo mana sauƙin wannan shekara.

Injin ya mutu. Ko katako ɗaya bai goge ba. Muna tayar da shi ya yi wata ƙara, sandar da ke riƙe da wuƙaƙen ta rabe biyu, wuƙa ɗaya ta tashi ta kafe a ƙyaure, dab da kan Bawa. Allah ne ya tsare. Duk da haka ban zargi kowa ba, na ce tsohon ƙarfe ne, kwanansa ya ƙare.

Ranar kasuwa na kira Wada mai walda, mutumin garinku, ya duba mini. Yana kankare fentin ya yi salati, ya ce ai wannan ɗinkin nasa ne. Baba ya kira shi gida ya liƙe sandar, Wada kuwa ya faɗa masa ƙarara cewa ba za ta ƙara aiki ba, kuma irinta ko a Sakkwato babu. Baba ya ce ya liƙe dai, ya shafa fenti.

Mairama, raina ya ɓaci irin yadda bai taɓa ɓaci ba. Da Baba ya ce mini gidansa ba hatsi, wallahi da na raba rumbun nan biyu na kai masa da kaina, in ƙara da godiya. Amma ya san ba za ni iya ɗaga kai a gabansa ba, da wannan kunyar ya ci ni. Aikin Kurawa an ba wani. Inna yanzu tafasa take dafawa da ɗan dusa.

Ba za ni kai ƙarar surukina ba, ba kuma za ni nemi hatsin ba. Da shi ake yi miki kunun da kike shayar da ɗiyata. Ku ci, na yafe wannan.

Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni. Wada ya ce ranar da ya yi waldar kina gidan, ke ma kika kawo masu fura a zaure, kina nan tsaye lokacin da yake yi wa Baba bayani.

An ce in zo ɗaukarku in kin gama wanka. Kafin in zo, ki rubuto mini da hannunki, kada ki sa kowa: kin ji abin da Wada ya faɗa, ko ba ki ji ba? Duk wanda kika rubuta za ni yarda da shi, don haka ki ji tsoron Allah.

Ki shafa mini kan yarinya.

Mijinki,
Alhassan.