Ya San Ruwan Batir Ya Jiƙa Kayan Hawana, Ya Yi Shiru

Assalamu alaikum Malam Lado. Don Allah ka taimake ni da shawara, ka kuma sakaya sunana. Na rasa wa zan faɗa wa abin nan.

A Doha nake aiki, muna wanke gilashin dogayen benaye a rataye da igiya. Ni da abokina Mudasiru garinmu ɗaya, jirgi ɗaya ya kawo mu, ɗakinmu ɗaya a unguwar Mansura. Lokacin korona, da aka ɗan sassauta kulle, wani abokin aikinmu ɗan Nepal ya riƙa jan mu zuwa duwatsun Zikrit. Shi ya koya mana hawan da ake yi inda hannu ba ya samun abin kamawa. Za ka buga ƙusar ƙarfe a tsagar dutse, ka maƙala ƙugiya, ka rataya ɗan tsani na nailan, ka taka, ka miƙe ka buga ta gaba. Ɗan'uwanka yana ƙasa riƙe da igiyarka. Abin ya shiga raina har na haɗa kayana: igiya, ɗamara, tsani biyu, guduma, ƙugiyoyi. Ko ƙasa ba na bari su taɓa.

Ana cikin gasar cin kofin duniya, Mudasiru ya ari jakar kayan don ya kai wasu baƙi hawa. Ya dawo da ita tsaf. Bayan gasar muka je hawa tare. Ina ɗora nauyina a tsanin sai ya tsinke kamar tsohon tsumma, ƙusar da ke ƙasa, wadda ke riƙe da igiyata, ta fizge, na faɗo. Dunduniyata ta farfashe, ƙuguna ya tsage.

Malam, shi ya goya ni zuwa mota. Shi ya yi jinyata, har bayi yake kai ni. Innarmu ba ta ajiye waya sai ta sa masa albarka.

Kwanan nan Dogara, direban da ya kai su ranar, yana shirin komawa gida ya zo neman gafarata. Ashe wani tsohon batir ne ya kife a but ɗin motarsa, ruwan ya jiƙa jakata. Mudasiru ya ɗauraye kayan, ya shanya, ya roƙe shi kada ya faɗa mini. Mu da a wurin aiki aka koya mana cewa ruwan batir yana cinye nailan ba tare da ido ya gani ba! Yana tsaye yana kallona na sa ƙafa a tsanin nan.

Yanzu ba na iya hawa, an mayar da ni sito, shi kuwa an ba shi duba kayan hawan ma'aikata. Bai san na sani ba. Jiya ma ya kawo mini shayi, na kasa sha. Jinyar nan ƙauna ce ko tsoro? In tona masa asiri ko in haɗiye?

Mai Ɗingishi, Mansura

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara sauƙi.

Ɓacin ranka yana kan hanya. Kifewar batir tsautsayi ne, amma shirun da ya biyo baya shi ya zaɓa, kuma lafiyarka ce ta biya. Sai dai har yanzu baki ɗaya ka ji. Ka zaunar da Mudasiru, ku biyu kawai, ka faɗa masa abin da Dogara ya ce, ka yi shiru ka saurara. Mai yiwuwa kunya ta kama shi, ya ruɗi kansa cewa ɗauraya ta wadatar. Wannan ba ya wanke shi, amma ba ɗaya yake da mugun nufi ba. Jinyar kuwa, mutum yana iya ƙaunarka yana kuma jin nauyin laifinsa a lokaci guda. Kada ka zubar da ita duka.

Akwai abin da ba zai jira ba. Duk abin zare da ya kwana a jakar nan, igiya da ɗamara da ɗaya tsanin, ka sa wuƙa ka yayyanka, kada ka ba kowa. Ƙarafan ka kai wa masani ya duba. Sannan ka tambayi Mudasiru ko akwai kayan kamfani a but ɗin ranar. Idan akwai, ya kai kansa wurin shugabanku a makon nan, in ya ƙi, kai ka je. Haka ma idan ya musa ko ya raina maganar, domin rayukan mutane suna rataye da amincinsa. Wannan ba ramuwa ba ce.

Idan zama ɗaki ɗaya ya yi maka nauyi, ka nemi canji, ba laifi. Inna kuma a bar ta tukuna, har ƙura ta lafa. Kana iya yafe masa idan ya amsa laifinsa, amma yafiya ba ta wajabta maka sake damƙa masa ranka ba. Amana sai ya sake gina ta, kuma kai ne za ka ce ta ginu.

Allah ya miƙar da ƙafarka, ya sanyaya zuciyarka, ya haɗa ka da abokan gaskiya.

Malam Lado